Gudun ganin dama da tafiyar dole

A shekarar 1986 wani Bafaranshe mai suna Patrick Bauer ya kafa gasar Marathon des Sables a hamadar kudancin Maroko. Masu shiga kan yi gudun kimanin kilomita 250 cikin mako guda, kowa da guzurinsa a baya, ruwan sha kuma a ƙayyade. Irinta ba ta da wuyar samu a duniya: akwai Badwater a Amurka, kilomita 217 cikin zafin watan Yuli, akwai Spartathlon a Girka, kilomita 246 da dole a gama cikin awa 36. Nijar ma ta ga irin waɗannan mutane. Tsakanin 2006 da 2007, Ray Zahab da Charlie Engle da Kevin Lin suka ratsa Sahara da gudu daga Senegal zuwa Bahar Maliya cikin kwana 111, suka bi ta Agadas da Tenere.

Mutumin Akokan yana da dalilin jin wannan labari da mamaki, domin a garinsa ba a zuwa neman wahala, ita ke tarar da mutum. Ma'aikatan Cominak sun shafe shekaru suna sauka mita 250 ƙarƙashin ƙasa don haƙar yuraniyom, har aka rufe ramin a watan Maris na 2021. Hamadar kuma ya san halinta. A watan Oktoba na 2013 motoci biyu suka lalace a arewacin Arlit, kan hanyar Tamanrasset, ƙishirwa ta kashe mutum 92, akasarinsu mata da yara daga yankin Kance. Wasunsu sun taka da ƙafa suna neman rijiya har ƙarfinsu ya ƙare.

To, shin ya dace a yaba wa wanda ya biya kuɗi don ya sha ƙishirwa, a ƙasar da ƙishirwa ke kashe masu neman abinci? Hanzarin da za a kawo wa mai tsere ba ƙarami ba ne. Bai zalunci kowa ba, ya hori jikinsa, ya kuma nuna cewa iyakar ɗan Adam ta wuce inda ake zato. Mai azumi ma yana barin ruwa da ganin damarsa, ba a ce ya yi wa matalauci ba'a.

Amma akwai abin da ya raba tafiyar biyu. Rana ɗaya ce, rairayi ɗaya ne, ƙafa ma iri ɗaya ce. Sai dai mai tsere yana da ikon cewa ya gaji, likita ya zo, mota ta ɗauke shi. Matar Kance ba ta da wannan iko. Shi ya sa juriyarsa ta zama gwaninta, tata kuwa ta zama shaida a kan duniyar da ta tilasta mata fita.

Saboda haka laifin ba na mai gudu ba ne, na mai kallo ne, idan ya san sunan wanda ya ci lambar yabo bai tambayi abin da ya fitar da mace da goyo zuwa Aljeriya ba. Azumi kan cika ma'anarsa in ya tuna wa mai shi da mayunwaci. Haka ma wannan gudu: darajarsa tana ga abin da mai shi da masu tafa masa suka yi bayan an sha ruwa.