Shaidar Maƙwabta a Kan Gidan Marayu

Karatu: Ayyukan Manzanni 6:1-7, 1 Timoti 3:7

Sa'ad da gunaguni ya tashi a ikkilisiyar Urushalima a kan rabon abincin gwauraye, manzanni ba su shiga ɗaki sun naɗa mutanensu ba. Jama'a suka tara, suka ce su zaɓo mutum bakwai da ake yi wa kyakkyawar shaida. Sai da taron ya zaɓa, sa'an nan aka ɗora musu hannu. Bulus kuma ya gaya wa Timoti cewa shugaba yana bukatar shaidar waɗanda ba 'yan ikkilisiya ba.

A nan Kusa da kewayen Jibiya, hare-haren 'yan bindiga sun bar mana yaran da ba uwa ba uba. Wasu iyalai sun tsallaka zuwa yankin Maraɗi, dangi sun warwatse. Zukatanmu na ƙuna, wasu 'yan'uwa har sun fara maganar buɗe gidan marayu. Haleluya, nufi ne mai kyau! Amma wa ya san yaron? Mai unguwa ya san kakarsa. Maƙwabciya ta san yana da kawu a ƙetaren iyaka da ke nemansa. Jami'in da zai sa hannu a takardar izini a Katsina ba zai san wannan ba sai an tambayi mutanen gari. A bakin iyaka kuwa, inda masu safarar yara ke neman hanya, gidan da ba wanda ke leƙawa abin tsoro ne, ko da da sunan Yesu aka buɗe shi.

Ku tuna da gidan Du Merci a Kano, wanda Farfesa Solomon Tarfa da matarsa suka kafa a 1996. Ranar Kirsimeti ta 2019 aka kama shi, a cikin kwanakin ƙarshen shekarar kuma aka kwashe yara 27 daga gidajensu na Kano da Kaduna. Kotu ta wanke shi daga zargin satar yara a 2021, kotun ɗaukaka ƙara kuma ta soke hukuncin takardar jabu a 2023. An wanke shi, amma shekarun da yaran suka yi nesa da gidan da suka sani, wa zai mayar musu?

Don haka ni dai ina roƙo: kafin mu nemi rajista a ma'aikatar mata, mu fara zuwa wurin dagaci, da limamin unguwa, da dangin kowane yaro. A rubuta sunan yaro, garinsu, da wanda ya kawo shi. In sun ce ba su yarda da mai riƙon ba, mu saurara, kada mu yi saurin cewa tsanani ne. Wani lokaci ma riƙo a hannun gwaggo, ikkilisiya tana taimakawa da hatsi da kuɗin makaranta, ya fi sabon gini.

Addu'a: Ya Uban marayu, ka ba mu tawali'un sauraron maƙwabtanmu, ka tsare yaran Jibiya duk inda suka kwana yau, cikin sunan Yesu. Amin.