Amanar Da Ke Ƙarƙashin Teku

Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin tudu da kogi, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Allah Maɗaukakin Sarki ya ambaci teku cikin ni'imominsa a Suratun Nahli, aya ta 14, domin daga gare shi ake samun abinci da kayan ado. A Suratur Rum kuwa, aya ta 41, ya bayyana cewa ayyukan mutane ne ke jawo ɓarna a tudu da teku. Ɓarnar tudu kowa yana ganinta, amma ta ƙasan teku ruwa ya lulluɓe ta, shi ya sa ake sakaci da ita.

Kusa da gaɓa, inda ruwa ba shi da zurfi, akwai ciyawa da laka da murjani. A nan kifi ke yin ƙwai, a nan ƙananansa ke fakewa har su girma. Manyan jiragen kamun kifi sukan ja taru mai nauyi a ƙasan ruwan, ya kankare duk abin da ya taras, ya kwaso manya da ƙanana. Abin da ba ya da kasuwa sai a watsar da shi matacce. Wannan almubazzaranci ne, kuma zalunci ne ga ƙananan masunta masu kwalekwale.

Abin da ya auku a Kanada ya isa wa'azi. An yi ta kwasar wani kifi mai suna kod a tekun Niyufanlan har ya kusa ƙarewa. A shekarar 1992 gwamnati ta hana kama shi, mutane wajen 30,000 suka rasa sana'arsu.

Musulunci ya zo da maganin irin wannan tun da daɗewa, wato hima, wurin da shugaba ke keɓewa domin amfanin jama'a. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya keɓe Naƙi'u a yankin Madina, Sayyidina Umar kuma ya keɓe Rabaza. Dokar Nijeriya ta 1992 da ta hana jiragen taru yin aiki cikin mil biyar na ruwa daga gaɓa tana bisa wannan manufa. Saboda haka kiyaye ta biyayya ce ga shugabanni cikin abin da yake daidai.

Mai jirgin da ya ƙetare iyakar nan da dare ya ci haƙƙin masunta da na zuriyar da ba a haifa ba. Ma'aikacin da ya karɓi rashawa ya kau da kai ya yi tarayya da shi cikin laifin. Wajibi ne hukuma ta tsare iyakar, ta hukunta mai ƙetare ta. Idan ruwa ya ɓoye ɓarna ga idon mutane, to, ba ya ɓoye ta ga Allah.

Allah ya sa a gyara, ya ba shugabanni ikon riƙon amana, amin.