Gonar Taka Ce, Hanyar fa?

A kudu maso yammacin Ingila akwai wata hanyar ƙafa da ta bi bakin teku tun daga garin Minehead har zuwa Poole, mil 630, wato sama da kilomita 1,000. Asalinta turbar masu gadin gaɓa ce, waɗanda suke sintiri suna leƙen 'yan fasa-ƙwauri, shi ya sa take shiga kowane lungu maimakon ta miƙe sak. Masu binta yau ba saye ba sayarwa, tafiya ce kawai. Mu jikokin fatake sai mu ce wannan ai wahalar banza ce, amma bar wannan tukuna.

Kaɗan ne suke gama ta a karo ɗaya. Yawanci mutum yakan yanki wani ɓangare ya taka a yini guda. Ɗauki wajen Lulworth a yankin Dorset: ka hau tudu, teku na hagunka, ka gangara zuwa Durdle Door, wani dutse da ruwa ya huda kamar ƙofa. Ƙasar wurin ta wani gida ce, ba ta gwamnati ba, amma masu ita ba su da ikon ce maka koma. A dokarsu, idan jama'a suka yi shekara 20 suna bin wata turba a fili, ba da izini ba kuma ba wanda ya hana, ana ɗaukarta ta zama ta kowa. Dokar 2009 ma ta ƙara da cewa in teku ya cinye gaɓa, ana iya matso da hanyar cikin ƙasa.

To, adalci ne wannan? Mu tsaya a wurin manomin. Teku ya ci masa gona, ga shi za a sake yankar masa wani zirin don baƙin da bai san su ba. Wani ya bar ƙofar shinge a buɗe, wani ya saki kare cikin tumaki. Duk wanda ya taɓa sayen fili da guminsa ya san zafin a ce wani na da rabo a ciki.

Duk da haka, a ganinmu dokar ta fi kusa da gaskiya. Mai filin ya tarar da hanyar ne, ba ita ta tarar da shi ba. Ya sayi ƙasa da itatuwanta, amma sawun waɗanda suka riga shi ba ya cikin cinikin. Shi kuma mai wucewa, wucewar kaɗai aka ba shi: ya rufe ƙofar da ya buɗe, ya riƙe karensa, kada ya ratse cikin shuka. Kowanne an rage masa wani abu, kuma da wannan ragin ne mutum ke iya takawa daga gari zuwa gari ba tare da ya roƙi kowa ba.

Mun san abin da ke faruwa in aka ƙi ragin. A gida mun ga burtali yana ƙanƙancewa shekara bayan shekara, kowa na cewa kunya ɗaya kawai ya ƙara, har shanu suka rasa ta inda za su bi. Sauran labarin ba sai an faɗa ba.

Nan kasuwa ma haka ne. Tebur ya fito taku ɗaya daga bakin shago, maƙwabci ya gani ya fito da nasa taku biyu, buhunan albasa suka biyo baya. Ba wanda ya yi niyyar tare hanya. Amma tsohuwa mai kaya a ka da yaran da aka taso daga makaranta yanzu ta tsakiyar titi suke bi, su da 'yan acaɓa.