Shin Sikeli Yana Auna Darajar Jariri?

Kafin uba ya ɗora ido a kan ɗansa a asibiti, nas ta riga ta ba jaririn maki. Minti 1 bayan haihuwa, da kuma bayan minti 5, takan duba abubuwa biyar: bugun zuciya, numfashi, ƙarfin gaɓoɓi, yadda yake motsi idan an taɓa shi, da launin jikinsa. Kowanne yana da maki daga 0 zuwa 2, jimla 10. Wata likita 'yar Amurka, Virginia Apgar, ita ta wallafa wannan tsari a 1953. Daga nan sai sikeli. Wanda bai kai kilo 2 da rabi ba, ko aka haife shi kafin mako 37, shi ake sa wa ido dare da rana.

To, me wannan lamba take faɗa mana? A gidaje da yawa, da zarar an ji cewa bakwaini ne, kilo 1 da rabi, sai dattawa su ce a dakata a ga ko na zama ne, kada a sayar da akuya saboda abin da ba zai kai suna ba. Ba ma kiran waɗannan mutane mugaye. Talauci gaskiya ne, kuɗin kwalba kuwa ba kowa yake da shi ba. Amma sun juya ma'anar awon. Nas da ta ga maki 4 ba ta naɗe hannu. Nan take take goge jaririn, ta ɗumama shi, ta taimaka masa ya ja numfashi. Gwargwadon ƙanƙantar lambar, gwargwadon yawan hannuwan da ke taruwa a kansa. Likitoci ma sun yarda cewa ƙaramin maki a minti na farko ba ya nuna abin da yaro zai zama. Awon yana gaya mana bukatar jariri ne. Darajarsa kuwa tana tare da shi tun ranar da aka ɗauki cikinsa, domin cikin siffar Allah aka yi shi.

Wani zai ce, ashe dole ne iyali su tsiyace gaba ɗaya? Ikilisiya ba ta ce haka ba. Tun 1957 Paparoma Piyus na 12 ya bambanta kulawar da ta zama tilas da wadda ta wuce kima, Katikisim na 1992 kuma ya tabbatar da cewa ba laifi ba ne a bar magani mai nauyin gaske wanda amfaninsa bai kai wahalarsa ba. Uban da ya kasa biyan abin da ya fi ƙarfinsa bai yi kisa ba, kada kowa ya ɗora masa wannan kaya.

Sai dai muna tsoron yadda wasu suke fakewa da wannan koyarwa. Yawancin abin da ke riƙe ran bakwaini ba mai tsada ba ne: ɗumi, nono, da tsabta. A 1978, a birnin Bogota na ƙasar Kolambiya, da kwalabe suka yi ƙaranci, Dokta Edgar Rey ya sa uwaye su ɗaura 'ya'yansu a ƙirji, fata da fata. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a fara haka nan da nan bayan haihuwa. Dakashi, wanda kakanninmu suke zubarwa, shi ne maganin farko. Jaririn da bai iya tsotso ba, ana tatse masa nono a ba shi da ƙaramin kofi. Wanka kuma sai a jinkirta. Wannan duka ba ya cin kuɗi, amma yana cin lokaci, domin uwar da take riƙe da jariri a ƙirji ba za ta daka ba, ba za ta ɗebo ruwa ba. Wa zai yi? Miji, da uwar miji, da Zumuntar Mata Katolika. Uba ma yana da ƙirji, kuma nasa yana ɗumamawa.

Idan rai yana cikin haɗari, dokar Ikilisiya ta ce a yi baftisma ba tare da jinkiri ba. Kada a jira Fada. Nas, ko ungozoma, ko kowane mutum mai niyyar yin abin da Ikilisiya take yi, ya zuba ruwa a kan jaririn cikin sunan Triniti Mai Tsarki, daga baya a sanar da ofishin Faris don a rubuta. Amma baftisma ba sallama ba ce. Jaririn da ya ƙi nono, ko jikinsa ya yi sanyi, ko numfashinsa ya kai 60 a minti, ko tafin hannunsa da na ƙafarsa suka yi rawaya, a ɗaura shi a ƙirji a nufi asibiti a wannan sa'a, ko da tsakar dare ne.