Gyara ko Ɓoyewa? Tunani a Kan Aikin Masu Goge Duwatsun Ado

 

Ya ƴan'uwa masu karatu, akwai wata tambaya da ta shafi kowane mai sana'a da kowane ɗan kasuwa, tun daga mai awon hatsi har zuwa dillalin mota, ita ce: ina iyakar da ke tsakanin gyara abu da ɓoye aibinsa? Kowa ya yarda mai kaya ya wanke kayansa ya jera su yadda za su ba da sha'awa, kowa kuma ya yarda ha'inci abin ƙi ne. Amma tsakanin waɗannan biyu akwai fili mai faɗi inda mutanen kirki da yawa suke lalube. Mun zaɓi mu duba tambayar ta hanyar wata sana'a wadda dukan aikinta ƙawatawa ne, wato yanka duwatsun ado da goge su, domin inda ƙawatawa ta fi yawa nan ne iyakar ta fi wuyar gani.

Yadda ake aikin

A ƙasashe irin su Amurka da Ostiraliya da Jamus da Ingila akwai mutane da dama da suka riƙi wannan aiki abin sha'awa a gidajensu, suna yin sa bayan sun tashi daga aiki ko bayan sun yi ritaya, har suna da ƙungiyoyi inda tsofaffin hannu ke koya wa sababbi. Abin da mai koyo ke farawa da shi shi ne yankan da ake kira kabushon: dutse mai shafaffen ƙasa da tudun baya, kamar ƙoƙon da aka kife. Shi ne irin wanda muke gani a kan zoben azurfa a hannun malamai da alhazai.

Da farko ana tsaga ɗanyen dutse fale-fale da zarto mai bakin daimon. Sai mai aikin ya ɗauki falle ɗaya ya duba inda launi da zane suka fi kyau, ya zana siffar da yake so, ya yanke gefuna. Sa'an nan ya manna dutsen a kan ɗan sanda da kaki mai zafi domin ya sami mariƙi. Daga nan sai wasawa a kan ƙafafun inji masu juyawa, ɗaya bayan ɗaya, kowace da lambarta: 80, da 220, da 600, da 1200, da 3000. Yadda lamba ke hawa haka kaushin ƙafar ke raguwa, kuma aikin kowace ƙafa shi ne ta share ƙarzunan da ta bayanta ta bari. A ƙarshe ake gogewa a kan fata da wani lallausan gari mai suna seriyom, har sheƙi ya fito.

Duk wannan ana yin sa ruwa na zuba a kan dutsen, domin ya sanyaya shi kada zafi ya fasa shi, ya kuma kwantar da ƙura. Ƙurar busasshen aƙiƙ tana taruwa a huhu ta taurara shi, cuta ce marar magani, wadda ta kashe ma'aikata da yawa a garin Khambhat na ƙasar Indiya inda aka daɗe ana wasa dutse a bushe. Game da tauri kuwa, a shekarar 1812 wani masani Bajamushe mai suna Friedrich Mohs ya jera duwatsu daga 1 zuwa 10. Daimon yana kan 10, yaƙutu yana kan 9, aƙiƙ yana wajen 7, gilashi yana wajen 5 da rabi. Rairayin da iskar hunturu ke ɗaukowa shi ma 7 ne, shi ya sa zoben gilashi ke dushewa cikin ƴan shekaru, aƙiƙ kuwa ya daɗe da sheƙinsa.

Abu biyu muke so mai karatu ya riƙe daga wannan bayani. Na farko, idan mai aiki ya yi gaggawa ya tsallake ƙafa ɗaya, ƙarzunan da ya bari ba sa ɓacewa da gogewar ƙarshe, sai ma su ƙara fitowa fili a tsakiyar sheƙi, dole ya koma baya. Na biyu, jiƙaƙƙen dutse kullum kyakkyawa ne, domin ruwa yana cike ƙarzuna da ƙananan tsagu yana fito da launi. Saboda haka ƙwararre yakan shanya dutsensa kafin ya yanke hukunci a kansa. Mai sayar da ɗanyen dutse kuma yakan yayyafa masa ruwa a gaban mai saye. Wani yana yi ne don ya nuna launin da zai fito bayan gogewa, wani kuwa don kada a ga tsaga. Ruwa ɗaya ne, hannu ɗaya ne, amma aiki biyu ne.

Dutsen da ya ratso Sahara

Kada a ɗauka wannan zance na Turawa ne kaɗai. Abin adon nan na jan dutse mai kusurwa uku da zobe a kansa, wanda Abzinawa ke kira talhakimt, tun da can daga Indiya ake kawo shi. Maƙeran dutse na Khambhat sukan shanya aƙiƙ a rana, su gasa shi a cikin tukwanen ƙasa, sai ƙarfen da ke jikinsa ya juye ja. A ƙarni na 19 garin Idar-Oberstein na Jamus ya shiga wannan kasuwa, bayan da Jamusawan da suka yi ƙaura zuwa kudancin Birazil suka tarar da aƙiƙ mai yawa a can wajen shekarun 1830. Aƙiƙ ɗin Birazil yawancinsa ruwan toka ne, amma yana shan rini. Idan ana son ja sai a tsoma shi a ruwan ƙarfe a gasa. Idan ana son baƙi sai a jiƙa shi kwana da kwanaki a ruwan zuma ko sukari, sa'an nan a saka shi a ruwan batir mai ƙarfi, sukarin da ya shige shi ya ƙone ya zama gawayi a cikin dutsen. Bayan wannan kuma sai na gilashi suka shigo daga Turai, daga baya na roba. Haka nan fataken Hausa sun daɗe suna kai jan dutsen lantana daga yankin Kirtashi da ke bakin kogin Kwara zuwa Ilori, inda ake wasa shi a huda shi ya zama abin wuya. Ashe kakanninmu sun sayi gogaggen dutse, da gasasshe, da rinanne, da kwaikwayo, duk a kasuwa ɗaya.

Amsar farko da rauninta

Amsar da ta fi saurin zuwa a zuciya ita ce: mai gogewa ragewa yake yi, yana cire ɓawo ne don abin da ke ciki ya bayyana, mai rini kuwa ƙari yake yi, yana sa wa dutse abin da ba shi da shi. Saboda haka ragewa gaskiya ce, ƙari kuwa algus ne. Amsa ce mai daɗin ji, amma ba ta tsayuwa idan an gwada ta.

Mai yanka yana iya yaudara ba tare da ya ƙara kome ba. Ya ga tsaga a dutse, sai ya shirya yankansa yadda tsagar za ta faɗa a gefe, inda bakin azurfa zai rufe ta idan maƙeri ya ɗaura. Zoben ya fita tsaf, sai ranar da ya bugi bango ya rabe biyu. A ɗaya ɓangaren, wanda ya gasa aƙiƙ ya mai da shi ja, ya kuma faɗa wa mai saye haka, wa ya cuta? Marina suna rina farin yadi ya zama baƙi, ba a taɓa kiransu maha'inta ba, domin babu wanda ke zaton auduga tana tsirowa da launin shuni. Har ma akwai ƙarin da yake taimako ne: fairuz mai laushi, wanda ke rugujewa a ƙarƙashin ƙafar inji, idan aka shayar da shi danƙo sai ya yi ƙarfi ya amfanu.

Ma'aunin da ya fi tsayuwa

Muna ganin ma'aunin yana wurin abin da mai saye ya sani a lokacin da yake miƙa kuɗinsa. Duk gyaran da za ka iya bayyana shi a gaban mai saye cinikin ya ci gaba a kan farashinsa, wannan gyara ne. Duk wanda ribarka ta dogara ga rashin saninsa, har kana fargabar kada a tambaye ka, wannan ɓoyewa ce ko da sunanta ado. Malaman fiƙihu sun riga mu a nan. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid, a babin ciniki, ya lissafa ɓoye aibi da gauraya mai kyau da marar kyau cikin abubuwan da ba su halatta, kuma an bai wa mai saye damar mai da kaya idan aibin ya bayyana. Sanannen misalinsu shi ne dabbar da aka ƙi tatsa kwanaki don hantsarta ta cika ranar kasuwa. Nonon nata ne, ba a ƙara mata kome ba, amma an shirya ido ya ga abin da ba haka yake ba.

Da wannan ma'auni duwatsu sun kasu uku. Akwai gyaran da ya zama sananniyar al'ada, kamar gasa jan aƙiƙ. Akwai gyaran da ke gushewa, kamar man da ake ɗura wa tsagun zumurrudu don su ɓace, wanda ke bushewa da daɗewa tsagun su dawo, ko dutsen opal na yankin Wollo a Habasha, wanda aka gano a 2008, mai shan ruwa kamar soso, har wasu na turara shi da hayaƙi ya yi duhu ya yi kama da baƙin opal mai tsada. Akwai kuma canza suna gaba ɗaya, kamar wani farin dutse mai araha da ake kira hawlait, wanda ake rina shi shuɗi a sayar da shi da sunan fairuz. Na biyu wajibi ne a faɗa, na uku kuwa ƙarya ce tsagwaronta. Na farkon ma akwai sharaɗi, domin dole mu tambaya: al'adar su wa? Ƴan kasuwar duwatsu duk sun san kusan kowane baƙin aƙiƙ rinanne ne, amma dattijon da ya sayi zobe a hanyar aikin hajji bai sani ba. Sanin ƴan kasuwa a tsakaninsu ba ya zama hujja a kan baƙo.

Idan wani ya ce

Idan wani ya ce: ai bai tambaye ni ba. Sai mu ce: mutum yana tambaya ne a kan abin da ya san yana yiwuwa. Wanda bai taɓa jin ana rina dutse ba, ta yaya zai tambaya? Rashin tambayarsa amana ce ya ba ka, kai kuwa ka mai da ta ƙofa.

Idan wani ya ce: yana murna da zobensa, me zai sa in ɓata masa rai? Sai mu ce: wannan shubuha ta fi ta farko ƙarfi, domin gaskiya ne launin da yake gani launi ne, daɗin da yake ji kuma daɗi ne. Amma murnar tasa an gina ta a kan zato, kuma ya biya kuɗin zaton. Da ka faɗa masa, wataƙila ya saya duk da haka a kan farashin da ya dace, wataƙila ya bari. Wannan zaɓi nasa ne, shi ka ɗauke masa, ko da bai taɓa ganewa ba.

Idan mai yi don sha'awa ya ce: ni ba sayarwa nake ba, kyauta nake bayarwa. Sai mu ce: lalle nauyinka ya fi sauƙi, amma dutse ya fi mai shi tsawon rai. Mata da yawa a ƙasarmu kayan adonsu su ne ajiyarsu ta ranar buƙata. Wata rana za a kai wannan dutse kasuwa, ko a ajiye shi a tabarmar rabon gado a yi masa ƙima, a bai wa marainiya shi a matsayin kasonta alhali ɗan'uwanta ya ɗauki akuya. Shirun da ka yi don kyautarka ta yi girma sai ya zama zalunci a hannun mutanen da ba su san ka ba. Ƙarya fure take, ba ta ƴaƴa, amma wani lokaci wanda ya shuka ta ba shi ne ke tsayawa jiran ƴaƴan ba.

Saura wanda shi ma saro kayan ya yi, bai san asalinsu ba. Wannan ba a ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa, sai dai ya tsaya a kan iyakar saninsa. Ya ce haka na saye shi, ban gwada ba. Abin da ba shi da dama shi ne ya rantse cewa ɗan Yaman ne na asali don ya ji wani ya faɗa. Mai saye shi ma ya guji cinikin biri a sama: ya duba dutse a bushe, a hasken rana, ya juya bayansa, ya tambayi suna da abin da aka yi masa.

Kammalawa

Ya ɗan'uwa, wataƙila ba ka taɓa riƙe ɗanyen aƙiƙ ba, amma kana da naka dutsen. Mai gini yana da tsagar da yaɓe ke rufewa, makanike yana da fentin da ke kan tsatsa, mai hatsi yana da bakin buhu da gindinsa, mai neman aure da waliyyin yarinya suna da abin da suka faɗa da abin da suka haɗiye. Kowannensu yana da halin ya gyara, ya wanke, ya goge iya ƙoƙarinsa, kuma ƙwarewa a haka abin yabo ce. Abin da muke kira gare shi kawai shi ne, kafin ka miƙa kaya, ka tambayi kanka ko za ka iya shanya su a gaban mai karɓa ka faɗi duk abin da ka yi musu. Idan za ka iya, ci ribarka da kwanciyar rai. Idan harshenka ya yi nauyi, to koma baya ka gyara tun daga inda ka tsallake.

Allah ya tsarkake mana abincinmu, ya sa mu dace.