Gadi Aka Ɗauke Ka, Ko Renon Kare?



'Yan uwa, akwai tambayar da ta yawaita a akwatin saƙona kwanakin nan, galibi daga masu gadi da direbobi da 'yan aikin gida da ke Abuja da Legas da Fatakwal. Labarin kusan iri ɗaya ne. An ɗauki mutum gadin ƙofa, an yanka masa albashi, ya kama aiki. Bayan wata biyu oga ya shigo da kare. Yau a ce ɗan zuba masa abinci, gobe a ce ɗan wanke kejin, kafin ka ankara wanka da kwashe kashi da zagayawa da shi unguwa da yamma duk sun dawo wuyanka. Albashi kuwa yana nan inda yake. Sai a rubuto: Malam, wannan ba haramun ba ne? Na san abin da ake so. Ana so in ce haramun ne, a samu abin nuna wa oga.

To, ba zan faɗa haka kai tsaye ba, domin ba haka mas'alar take ba.

A mazhabar Malikiyya, wadda a kanta aka karantar da mafi yawanmu, duk abu mai rai tsarkakakke ne, har kare, har yawunsa da guminsa. Umarnin wanke kwano sau bakwai idan kare ya yi lallage a ciki, Malikawa sun ɗauke shi bauta ce da ake yi don bin umarni, ba don najasa ba. Daga cikin hujjojinsu akwai aya ta 4 a Suratul Ma'ida, wadda ta halatta cin abin da karen farauta ya kamo, alhali da baki yake kamowa. Shafi'iyya da Hanabila suna ganin najasa ne, a wanke sau bakwai, ɗaya da ƙasa. Saɓani ne na manyan malamai, wanda ya bi kowanne bai ɓata ba. Kashin kare da fitsarinsa kam najasa ne, wannan babu ja. Amma taɓa najasa don kawar da ita ba saɓo ba ne. Uwa tana yi kullum, ma'aikacin asibiti yana yi. Abin da ke kanka shi ne ka wanke jiki da tufa kafin salla.

Sai batun ajiye karen. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa wanda ya riƙi kare ba don farauta ko kiwo ko tsaron gona ba, ana tauye masa lada kowace rana, a wata ruwaya ƙiraɗi ɗaya, a wata biyu. Malamai da dama sun yi ƙiyasin tsaron gida a kan waɗannan, Imamun Nawawi ma shi ya rinjayar. Ana kuma hakaito cewa Ibn Abi Zaid, mai Risala da muka karanta a zaure, ya ajiye kare lokacin da ya ji tsoro a gidansa, da aka tuna masa Malik ya karhanta, sai ya nuna cewa da Malik ya riski irin zamaninsu da abin da zai ajiye ya fi kare. Wanda ke kwana a unguwar da 'yan fashi ke haurawa ya san abin da yake nufi. Karen ado, wanda ake ɗora wa kan kujera ana sumbata, shi ne hadisin ya fi shafa kai tsaye, kuma tauyewar ladan tana kan wanda ya ajiye. Duk da haka, wanda ya ce ransa bai kwanta da hidimar irin wannan karen ba, ban ga laifinsa ba, tsantseni ne mai tushe.

Inda nake ganin gizo ke saƙar ba nan ba ne. Mafi yawan masu tambayar nan, idan ka bi maganarsu a hankali, abin da ke cin ransu shi ne an ƙara musu aiki ba a tambaye su ba, ba a kuma biya su ba. Wannan kuka ne na gaskiya, kuma shari'a ta ba shi babi guda, babin ijara. Sharaɗin ijara shi ne aiki ya zama sananne, lada ya zama sananne. Wanda ya ɗauke ka gadi ya sayi gadinka ne na awoyi kaza, bai sayi kai ɗinka ba. Ku duba ƙissar Annabi Musa (AS) da dattijon Madyana a Suratul Ƙasas. An faɗi shekara takwas, an ce idan ya cika goma wannan kyautatawa ce daga gare shi, dattijon ya bayyana ba ya son ƙuntata masa, Musa kuma ya nanata cewa duk wa'adin da ya cika ba za a ɗora masa ƙari ba. Annabi guda ne fa, da surukinsa, amma sai da aka raba wajibi da alheri tun kafin a kama aiki. Mu kuwa kunya ta hana mu, sai mu ce "ba komai oga", mu koma ɗakin gadi muna ƙunƙuni.

Shi ya sa ba na son a fake da addini a nan. Idan ka ce wa oga addinina ya hana ni taɓa kare, alhali ka san da zai ƙara dubu ashirin da ka yi, ka yi wa shari'a ƙarya don ka guje wa maganar kuɗi. Ranar da ya ƙara kuɗin ka karɓa, ka koya masa cewa haramun ɗin Musulmi yana da farashi. Idan ba Musulmi ba ne, wallahi ɓarnar ta fi yawa, don ta kanka yake karanta Musulunci. Faɗi ainihin abin da ke ranka. Ka same shi lokacin da yake cikin natsuwa, ba a gaban baƙi ba, ka ce: "Ranka ya daɗe, lokacin da na kama aiki maganar gadi muka yi. Abinci da ruwa zan riƙa ba shi idan ba kowa, amma wanka da kwashe kashi aiki ne daban. In ana so in ɗauka sai mu yi magana a kai, in ba haka ba a nemo mai yi." Idan kuma da gaske tsarki ne damuwarka, shi ma faɗi yadda yake: kana salla sau biyar, kaya kala biyu gare ka, kana buƙatar safar hannu da kayan aiki na daban da sabulu. Wannan ba rashin kunya ba ne.

Na san wani zai ce, Malam, kai kana magana daga nesa, ni ina buɗe baki za a sallame ni, ga mutum goma suna jiran gurbin a bakin ƙofa. Gaskiya ne, kuma ba zan ce ka jefar da abincin iyalinka ba. Wanda lalura ta sa ya yi shiru ya yi aikin, babu zunubi a kansa, haƙƙinsa kuma bai faɗi don ya yi shiru ba, yana nan a wuyan wanda ya ci guminsa. Sai dai akwai abu ɗaya da ban yarda lalura ta halatta ba, shi ne huce haushi a kan dabbar. Ana yi, kar mu ɓoye. Oga ya fita, a ɗaure kare a rana ba ruwa, a shure shi, a karkatar da kuɗin abincinsa zuwa aljihu ana cewa ai kare ba zai fi ni cin daɗi ba. Karen bai yanka maka albashi ba. Manzon Allah (SAW) ya ba da labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare ba ci ba sha har ta mutu, da mutumin da aka gafarta wa saboda ya shiga rijiya ya ɗebo ruwa a takalminsa ya shayar da kare. Iyaka a gaban mai shi ake jan ta, tun yana nan. Idan ya riga ya yi tafiya, mabuɗi na hannunka, dabba na ɗaure ba ta da kowa sai kai, ciyar da ita ya zama dole ko da an yi maka rashin adalci wajen ɗora maka. In ya dawo ka yi maganarka.

Ku kuma masu gida, alhazai da hajiyoyi, don na san kuna karanta shafin nan, kuma kyanwowin waje da tsuntsayen ado sun cika gidajenmu yanzu. Kai ka so dabbar, kai ka saye ta, nauyinta naka ne. Cikin mutum uku da Allah Ya ce Shi ne abokin husumarsu ranar alƙiyama, kamar yadda ya zo a Bukhari, akwai wanda ya ɗauki ɗan ƙwadago, ya karɓi aiki cikakke, ya hana shi lada. Ƙara aiki ba ƙarin lada ɗan uwan wannan ne. "To" ɗin yarinyar da aka ɗauko daga ƙauye, wadda ba ta da kuɗin motar komawa gida, ba yarda ba ce. Kuma abin kunya ne a ce abin da kare ke ci a wata ya fi albashin mai kwashe kashinsa.

Wanda ya amince zai yi aikin, akwai sharaɗin da ban so ya sassauta a kai: ya tambaya ko an yi wa karen allurar rigakafin ciwon haukan kare, ya ga katin likitan dabbobi da idonsa. Ciwon nan idan alamunsa suka bayyana kusan ba a tashi. In an cije ka ko an yakushe ka, wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu kamar minti 15, ka nufi asibiti a ranar don allura, kar ka tsaya shafa wani abu a gida ko jiran oga ya dawo. Kuɗin allurar nan ba kaɗan ba ne, don haka a yi maganar wanda zai biya tun ranar da aka miƙa maka sarƙar.

Wallahu a'alam.