Ɗana, Ka Raɗa Wa Kowane Gwaji Suna

Ɗana, tunda ka kama rubuta manhaja da harshen Go, na san ka gaji al'adar mutanensa ta jera gwaje-gwaje a tebur: kowane layi da abin da za a shigar da amsar da ake sa rai, sai a bi su ɗaya bayan ɗaya. Al'ada ce mai kyau, kada ka bar ta. Amma zo ka ji inda gizo ke saƙar.

Idan layi na uku ya faɗi kuma ka kira t.Fatal, shi ke nan, aiki ya tsaya. Na ƙasa ba a ko leƙa su ba. Ka gyara, ka sake gwadawa, sai na bakwai ya ce ga shi nan. In kuwa t.Errorf ka sa, duk kukan daga wuri ɗaya zai fito a fayil, ka zauna kana laluben mai laifi.

Tun 2016, da fitowar Go 1.7, aka kawo t.Run. Ka ƙara gurbin suna a teburin, ka sa kowane layi cikin t.Run da sunansa. Daga nan kowa tasa ta fisshe shi: wanda ya faɗi ya faɗi shi kaɗai, saura su ci gaba. Allo zai nuna maka suna kamar TestRaba/raba_da_sifili, kuma da go test -run kana iya kiran wannan ɗin kaɗai.

Sunan ma a yi shi da hankali. Jariri ba a raɗa masa "na biyu", to me zai sa ka rubuta gwaji2? Sunan ya faɗi abin da ake gwadawa, yadda abokin aikinka da bai taɓa buɗe fayil ɗin ba zai gane matsalar daga karantawa. Idan ka maimaita suna, Go zai liƙa masa #01, ka koma gidan jiya.

Sai batun t.Parallel, wanda ya yaudari manya. Kafin Go 1.22 na Fabrairun 2024, gwaje-gwajen da ke tafiya tare kan kama layin ƙarshe su duka, su ce lafiya lau alhali ba a gwada sauran ba. Ka duba go.mod, in lambar Go ɗin ba ta kai 1.22 ba, ka rubuta tc := tc kafin t.Run, in tc ne sunan da kake kiran kowane layin tebur da shi.

Idan ka gama, ka ɓata amsar layi ɗaya da gangan, ka tabbatar sunansa ne ya fito kafin ka tura aikin.